Maldif, Ƙasar da Kifi Ke Niƙa wa Yashi

A Maldif babu kogi ko ɗaya, babu tsauni, babu ko tudun da yaro zai hau ya gangaro da gudu. Tsibirai ne kimanin 1,190 a warwatse cikin Tekun Indiya, kudu maso yamma da ƙasar Indiya, kuma waɗanda mutane ke zaune a kansu ba su cika 200 ba. Mafi yawan ƙasar ba ta ɗara saman teku da mita guda ba. Daga Kolombo na tsallaka, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a jirgin sama. Da muka fara sauka na leƙa ta taga, sai ga zobba-zobba na koren ruwa mai haske a tsakiyar shuɗin teku, kowane zobe da ɗigo-ɗigon farin yashi a bakinsa. Jirgi na ta yin ƙasa, ni kuwa ban ga inda zai dira ba, ruwa dama, ruwa hagu. Ina cikin salati na ji taya ta daki kwalta.

Mutanen ƙasar Musulmi ne tun shekarar 1153, kuma Juma'a da Asabar ne hutunsu na mako. Rubutunsu, Thaana, daga dama yake farawa. A Male, babban birnin, gidaje sun cushe har bakin ruwa ta kowace kusurwa, babura kuwa sai ka yi da gaske kafin ka tsallaka titi. Na yi sallar la'asar kusa da tsohon masallacin Juma'arsu, Hukuru Miskiy, wanda aka kammala a 1658. Na shafa bangonsa da hannuna. Ba tubali ba ne, ba kuma dutsen fashi ba, murjani ne aka yanko daga ƙarƙashin teku tun yana da taushi, aka sassaƙa masa zane, aka harhaɗa shi gunduwa-gunduwa. Da shi suka yi ta gini shekaru aru-aru, kafin gwamnati ta taka wa haƙarsa birki a farkon shekarun 1990.

Mu da su akwai tsohuwar alaƙa, ko da yake kaɗan ne cikinmu suka sani. Farin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi, asalinsa daga ruwan nan ne. Ganyen kwakwa suke shimfiɗawa a ruwa marar zurfi, wuri ya hau ya manne, a janyo a shanya a rana. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya yi alƙalanci a Male wajen 1343, ya ga ana sayar da wuri dubu ɗari huɗu a dinari guda, daga baya ya tarar da shi a Mali da Gao ana ba da 1,150 kacal a dinari. Jiragen Turawa sun yi ta jigilarsa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, har da mugun cinikin bayi. Lokacin da Baturen matafiyi Barth ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ake canzar da dala guda ta azurfa.

Yau ba wuri suke sayarwa ba, kallo suke sayarwa. Otal na farko, Kurumba, an buɗe shi a 1972. Yanzu manyan otal-otal sun haura 170, kuma a 2024 baƙin da suka shiga ƙasar sun wuce miliyan biyu, wajen ninki huɗu na mazaunanta. Tsarin da suka ɗauka shi ne tsibiri guda, otal guda. A can ake shan giya, a can ake yawo da kayan wanka, tsibiran 'yan ƙasa kuwa ba a yarda ba. Ana kai baƙi da ƙananan jiragen sama masu sauka a kan ruwa. Na tsaya ina kallon matuƙansu: farar riga da galan a kafaɗa, gajeren wando, ƙafa kuma ba takalmi. Haka suke tuƙi.

Aljihuna bai kai waɗannan wurare ba. Allah Ya sa tun 2009 doka ta ba 'yan ƙasa damar buɗe ƙananan masaukai a garuruwansu, don haka na sauka a Dharavandhoo, cikin yankin Baa, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren da ake karewa a 2011. Kullum da safe mai masaukina yakan kawo mas huni, wato kifin tuna da aka dagargaza da kankararriyar kwakwa da albasa da barkono, a ci da wata siririyar gurasa da suke kira roshi. Tunan nan da fatsa ake kama shi, ɗaya bayan ɗaya. Ƙasar ba ta yarda da manyan tarunan da ke yashe teku ba.

Kusa da nan akwai wani lungun ruwa da ake kira Hanifaru. Daga wajen watan Yuni zuwa Nuwamba, iskar damina takan turo ƙananan halittun ruwa su taru a cikinsa, sai kifin manta ya biyo abincinsa. Ni ɗan tudu ne, iyo bai dame ni ba, don haka aka ɗaura mini rigar da ke hana nutsewa, aka ba ni tabarau da bututun shaƙar iska, wani saurayi ya riƙe igiyar da nake maƙale da ita. Na sa fuskata a ruwa. Da farko kore kawai nake gani, dishi-dishi. Can sai wani abu baƙi ya taso daga ƙasa, faffaɗa kamar shimfiɗaɗɗiyar tabarma, yana kaɗa fukafukai a hankali, bakinsa a wangame. Faɗinsa ya fi tsawona nesa ba kusa ba. Ya nufo ni kai tsaye, har na fara haɗiyar ruwan gishiri, sai ya yi alkafura a gabana, farin cikinsa mai ɗigo-ɗigo ya wuce ƙasa da ƙirjina. Bayansa wani, bayan wannan wani, sun jeru suna juyi. Ba ya cizo, ba shi da ƙari. Ɗigon cikin nan kowane kifi da irin nasa, da shi ne masu bincike na Manta Trust suka tantance fiye da guda 5,000 a ruwan ƙasar.

Abin da ya burge ni bayan na dawo hayyacina shi ne tsarin wurin. Akwai masu gadi a kwale-kwale. Ba a shiga da tukunyar iska, ba a taɓa kifin, ba a bin sa, an ƙayyade yawan jiragen da za su shigo da yawan mutanen da za su kasance a ruwa, kuma minti 45 ne rabon kowa. Attajirin da ya biya dubban daloli a daren jiya da ni da na zo daga masaukin talakawa, usur ɗaya aka busa mana muka fito.

A bakin murjanin da ke kewaye da tsibirinmu na ji wata ƙara a cikin ruwa, ƙaras-ƙaras, ba ƙaƙƙautawa. Saurayin nan ya nuna mini mai yin ta: wani kifi kore da shuɗi da ruwan hoda, haƙoransa a haɗe sun zama baki irin na aku, shi ya sa ma ake kiransa kifin aku. Yana gatsar dutsen murjani don ya ci gansakukar da ke jiki. Ina kallo ya juya, ya saki wani farin gari ta bayansa, ya baje a ruwa. Da muka fito yaron yana dariya ya ɗebo yashin da muke tsaye a kai ya zuba mini a tafin hannu, ya ce, "Baba, ga shi nan." Na ɗauka zolaya ce. Ashe masana daga Jami'ar Exeter ta Ingila sun auna abin a tsibirin Vakkaru, nan cikin Baa, suka wallafa a 2015 cewa fiye da kashi 85 cikin ɗari na sabon yashin da ake samu a wurin kifin aku ne ke niƙa shi. Farin yashin da ake biyan kuɗin jirgi daga Jamus da Sin don a kwanta a kai, kashin kifi ne.

Wannan ya sauya yadda nake kallon ƙasar gaba ɗaya. Murjanin nan ba irin jan da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya ba ne, amma danginsa ne, kuma halitta ce mai rai. Ƙananan dabbobi ne ke gina wa kansu gida na farar ƙasa, wani a kan wani, shekaru dubbai. Shi ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa, shi ke ciyar da kifi, daga jikinsa yashi ke fitowa, yashin ya taru ya zama tsibiri, a kan tsibirin a gina otal. Ranar da ya mutu, ba adon otal ne kaɗai ya tafi ba, har filin da otal ɗin ke kai.

Kuma yana mutuwa. Idan ruwa ya ɗumama fiye da yadda ya saba da digiri ɗaya kacal, aka yi makonni a haka, sai murjani ya kori ƙananan tsirran da ke zaune a jikinsa suna ba shi abinci da launi, ya koma fari fat. In zafin ya daɗe, ya mutu da yunwa. A 1998 mafi yawan murjanin da ke kusa da saman ruwa a Maldif ya tafi. Ya fara farfaɗowa, 2016 ta sake bugunsa, 2024 ma haka. Na ga wani fage da abin ya shafa: rassa a kakkarye, toka-toka, gansakuka ta lulluɓe su, kifi jefi-jefi.

Ɗan'uwan mai masaukina injiniya ne a wani babban otal da ba zan ambaci sunansa ba. Shi ya nema mini izinin shiga, amma ta ƙofar ma'aikata. Na gode wa Allah da ya zama ta nan na shiga, don abin da baƙo ke gani da abin da ke riƙe da otal ɗin sun sha bamban. A gaba ɗakuna ne a kan ruwa, da gadar katako, da wata 'yar takarda a banɗaki mai roƙon baƙo ya sake amfani da tawul ɗinsa don a ceci teku. A tsakiyar tsibirin kuwa, bayan wani shinge na itatuwa, gari ne sukutum: ɗakunan ma'aikata ɗaruruwa, 'yan ƙasa da 'yan Bangaladash da Sirilanka da Indiya, da masallacinsu, da filin ƙwallo, da ɗakin wanki. Sai ɗakin janareta, wanda sai da aka ba ni abin toshe kunne kafin mu shiga. Injina ne jere, ba sa hutawa dare da rana, dizal ɗinsu kuma jirgin ruwa ke kawowa.

Ya ce mini, "Malam, duk abin da ka gani a nan dizal ne. Sanyin ɗaki dizal, ƙanƙara dizal, ruwan da ka sha ma dizal." Ya nuna mini wasu dogayen fararen bututu inda ake matsa ruwan teku da ƙarfin gaske ta cikin matata, gishiri ya tsaya, ruwan daɗi ya wuce. Abin da ake samu bai kai rabin abin da aka zuƙo ba, sauran ya koma teku da gishiri ninki. Da wannan ruwa ake cika kwamin wanka na kowane ɗaki, alhali ga teku nan a ƙarƙashin matakala. Ba otal-otal kaɗai ke rataye da injin ba. A Disambar 2014 gobara ta kama matatar ruwan Male, birnin ya wayi gari ba ruwan sha, sai da Indiya ta yi ta jigilarsa ta jiragen sama.

Na tambaye shi shara fa? Ya nuna mini injin niƙa kwalba, da na matse gwangwani, da ramin takin da suka fara yi da ragowar abinci. Sauran kuwa, ya ce, ana loda shi a jirgi. Ina za a kai? Thilafushi.

Thilafushi ba tsibiri ba ne da Allah Ya halitta. Wata fadamar ruwa ce mai nisan kilomita bakwai yamma da Male, aka fara zuba mata shara a 1992, aka yi ta zubawa har ta zama ƙasa, yau har da masana'antu da wuraren gyaran jirage a kanta. Da na koma Male na bi jirgin fito na je na gani. Tudun da ban gani ba ko'ina a ƙasar, a nan na gan shi: robobi, katifu, tayoyi, buhunan siminti, tsofaffin firji. Ma'aikata, yawancinsu baƙin haure daga Bangaladash, sun ɗaure hanci da ƙyalle, ƙuda kuwa ba a magana. Shekara da shekaru hayaƙin wurin ana hango shi daga otal-otal na kusa, sai a 2021 aka daina ƙona shara a fili, ana kuma aikin tashar da za ta mayar da ita wutar lantarki da tallafin Bankin Raya Asiya. An ƙiyasta cewa baƙo guda yana barin shara kilo uku da rabi a kwana, ninkin abin da ɗan tsibirin karkara ke bari sau da yawa. Babu hoton Thilafushi a takardar tallan kowane otal.

Ba na son in yi rashin adalci, akwai masu yi da gaske. Otal ɗin Soneva Fushi, wanda aka buɗe a 1995 a tsibirin Kunfunadhoo na Baa, ya daina shigo da ruwan gora tun 2008. Suna tace nasu su zuba a kwalaben da ake wankewa a sake cikawa, abin da otal-otal da yawa suka kwaikwaya daga baya. Suna narka fasassun kwalabe su yi kayan ado, suna takin gargajiya su noma ganyen da ake ci a teburinsu, kuma sun ce kusan kashi 90 cikin ɗari na shararsu ba ya barin hannunsu a banza. Wanda ya fi shiga raina shi ne da suka tsallaka shingensu suka haɗa kai da maƙwabta: a 2020 garin Maalhos ya daina ƙona shara a fili, ya koma rarrabe ta gida-gida. Ledar da aka jefar a garin masunta ai ba ta san iyakar otal ba, igiyar ruwa za ta kai ta ko'ina. Otal ɗin Kudadoo, wanda aka buɗe a 2018, rufin babban gininsa gaba ɗaya farantan sola ne. Da yake fili ya yi ƙaranci, wani kamfanin Ostiriya mai suna Swimsol yana ɗora farantan a kan ruwa suna shawagi. Ita ma gwamnati tun 2021 ta fara hana shigo da wasu kayan roba da ake amfani da su sau ɗaya a yar.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Otal-otal da dama yanzu suna dashen murjani: a ɗaure 'yan gutsattsari a jikin ƙarfen da aka lanƙwasa, a nutsar, baƙo ya biya kuɗi a rataya sunansa, a riƙa aiko masa da hoto. Na ga irinsu, kuma suna tsiro, ƙananan kifaye na shiga suna fita. Amma a ƙasar nan dai ake kawo manyan jiragen yasa su zuƙo yashi daga ƙasan teku su cike fadamar ruwa don a ƙirƙiri sabon tsibirin da za a gina wani otal, laka ta tashi ta lulluɓe murjanin da ya fi duk dashen nan yawa, ta shaƙe shi. Tufka da warwara ke nan. Wani cikon dole ne, kamar Hulhumale da aka yi don rage cunkoson Male, aka kuma ɗaga shi mita biyu. Na otal kuwa, kwaɗayi ne.

Akwai kuma maganar ciyawar teku. Tana fitowa a ruwa marar zurfi, kunkurun teku na kiwo a cikinta, 'ya'yan kifi na ɓuya, saiwarta na riƙe yashi. Laifinta ɗaya, tana sa ruwa ya yi duhu a hoto. Don haka otal-otal suka daɗe suna sa ma'aikata su tuge ta, ko a lulluɓe ta da tamfol har ta mutu. Sai a 2019 otal ɗin Six Senses Laamu da gidauniyar Blue Marine suka fara yekuwar a bar ta, wajen rubu'in otal-otal na ƙasar suka amsa. Wannan gyara bai ci ko sisin kwabo ba, barin ɓarna ne kawai, kuma ni a ganina ya fi tarin takardun tawul amfani.

Babbar matsalar ma ba a hannunsu take ba. Zafin da ke kashe murjani daga hayaƙin duniya duka yake zuwa, rabon Maldif a ciki kuwa bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa a Oktoban 2009 Shugaba Mohamed Nasheed ya nutsa ƙarƙashin teku da ministocinsa suka yi zaman majalisa da tukwanen iska a baya, don duniya ta waiwayo. Ga kuma ɗaurin gwarmai: baƙon da ke kawo kuɗin da ƙasar ke rayuwa da shi, da jirgin sama yake zuwa daga nesa, ni ma haka na zo. Ba za su ce a daina zuwa ba. Abin da suka iya shi ne harajin muhalli, wanda suka fara karɓa a 2015, dala shida kowane dare a manyan otal-otal, suka ninka shi zuwa 12 a farkon 2025. Mai masaukina bai ƙi harajin ba, tambayarsa dai guda ce: nawa ne ke dawowa garinsu a gyara magudanar ƙazanta da wurin tara shara?

Wani dare ya buga mini ƙofa ya ce in fito. Babu wata, gari ya yi baƙi ƙirin. Muka gangara bakin ruwa, sai na ga duk inda igiya ta fashe tana ba da shuɗin haske, ɗigo-ɗigo. Na taka jiƙaƙƙen yashi, sawuna ya kama da wuta marar zafi. Na ɗebo ruwan a hannu, yatsuna suka yi ta ƙyalli. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani da rana, in an motsa su sai su haska. Na daɗe ina tasbihi. Yaran garin da suka biyo mu kuwa dariya suke yi mini, su abin ba baƙo ba ne a wurinsu.

Mutanenmu sun fara zuwa Maldif, musamman amare da angwaye da masu hali, ina ganin hotunansu. In Allah Ya nufe ka da zuwa, can ko Zanzibar ko wani tsibiri, kada ganyen da aka zana a tambarin otal ya ruɗe ka. Tambaye su inda wutarsu ke fitowa, da inda ruwan banɗaki ke ƙarewa, da ko tsibirin na asali ne ko cikowa aka yi. Ka je da gorarka ta ruwa, kada ka tsaya a kan murjani don ɗaukar hoto, kada ka sayi abin da aka yi da ƙoƙon kunkuru, batir da robar da ka shiga da su kuma ka fito da abinka. Otal ɗin da ya amince da aikinsa ba zai hana ka leƙa bayan shingensa ba. Ka nemi a kai ka.